Inji Mai Wuƙa Bakwai

Daga Gaya har Agadas, in aka cire Nasara, babu mahaluƙin da ya kai ni sanin injin aske ciyawa. Su Nasaran ma don kara nake cire su. A ɗaure mini ido da rawani, a turo inji ta bayan katanga, daga ƙararsa kaɗai zan faɗi wuƙaƙensa nawa ne, yaushe rabonsu da wasawa, da ko mai turawar ya karya kumallo. Abu ɗaya tak ne ban taɓa yi da injin aske ciyawa ba, shi ne aske ciyawa. Wannan kuwa zumunci ne ya ja mini.

Shekarun farko ne bayan an sauke tutar Faransa an ɗaga tamu. Nasara na ɗaure akwatuna, mu ƴan boko muna zagaya kujerunsu muna aunawa da ido ko za su ɗauke mu. Ni a lokacin komi ne, wato akawu, a wani buro, ofishin gwamnati, a Yamai, mutumin Maraɗi, da mata da ƴaƴa biyu. Muna haya a ɗaki biyu bayan kasuwa, irin ɗakunan da in maƙwabci ya yi atishawa mu ke yi masa addu'a ta cikin bango.

Ana nan sai Mushe, Nasaran da ke shugabantar sashenmu, ya koma ƙasarsu, gidansa na unguwar Plato ya zama babu kowa. Gida ne mai baranda, mai pampo a ciki, mai tagogin da mutum zai iya fita ta cikinsu da rawaninsa bai sunkuya ba. A gabansa akwai fili shimfiɗe da wata ciyawa da suke kira gazon. Ba a cin ta, ba a jinka da ita, ba ta maganin ko ciwon kai, kuma haramun ne akuya ta sa mata baki. Aikinta a duniya ta yi kore a tsaya a kalle ta. Mushe ya yi shekaru yana yi mata bauta. Ranar da zai tafi, mu ma'aikatansa hannu ya ɗaga mana daga nesa, ita kuwa ya tsuguna ya shafa ta.

Sabon direktanmu ɗan ƙasa ne, mutumin Damagaram, ya yi karatu a Dakar ya dawo da taye a wuya wanda ko zafin bazara bai isa ya kwance masa ba. Ya ji Nasara na cewa kafin wata shida za mu ɗaure awaki a barandojinsu, maganar ta tsaya masa a maƙogwaro. A wurinsa mutuncin ƙasar nan kaf a kan ciyawar nan yake. Mu biyu ke neman gidan, ni da wani Ba'adare abokin aikina, mutumin Tawa. Direkta ya miƙa mini makulli don na riga Ba'adaren shiga aiki, amma ya ce gwaji ne. Ran Asabar, mako uku masu zuwa, zai zo da kansa. In ya iske gazon yadda Mushe ya bar ta, gajera, daidai wa daida kamar darduma, zai sa hannu a takarda gida ya zama nawa. In ba haka ba, makulli ya koma Tawa.

"Kar ka ba ƙasar nan kunya," in ji shi.

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ni jikan manoma ne, ciyawa ta san gidanmu.

Daga ranar Ba'adare ya sami sana'a. Kowace safiya kafin ya tambayi iyali sai ya tambayi ciyawa: ta kwana lafiya, ta sha ruwa, ba ta yi zazzaɓi ba? In na yi banza da shi sai ya ce shi fa don kansa yake tambaya, mutum ba ya son ya gaji kaya marar lafiya.

Matsalar ita ce Mushe ya tafi da injinsa. Ya tafi da komai, har ƙusar da yake rataye hula. Tiyon ban ruwa kaɗai ya bari, shi ma don ya huje a wuri biyu. Ni kuwa safe da yamma ina tsaye da tiyo ina shayarwa, ciyawa na godiya tana tsawo. Maiɗakina tana kallona daga baranda. Na hana ta kafa turmi a filin, na hana shanya, na hana yara gudu. Ta ce ita dai ta ɗauka an baro ƙauye ne don a huta da ciyawa, ashe zuwa aka yi a same ta a inda take da gata.

Cikin makon farko Kawu ya sauka. Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, shi ya ciyar da ni da gumin hauya har lakwal, makarantar boko, ta ɗauke ni. Ya zo Yamai neman takardun tafiya aikin hajji, aka ce ya jira, jiran da ba a faɗa masa ranar ƙarewarsa ba. Yana isowa ƙofar gida da buhunsa a ka ya tsaya cak. Bai kalli barandar ba, bai kalli tagogin da na ƙosa ya kalla ba. Ƙasa yake kallo.

A garinmu tsakar gida fes ake son ta, a share da safe a share da yamma, a yayyafa ruwa, har sawun tsintsiya ya fito kamar zane. Gidan da ciyawa ta tsiro a tsakarsa, ko mai shi ya mutu, ko yana hanya. Kawu ya matso kusa da kunnena don kada matata ta ji.

"Ciwo ka yi ba ka aiko ba?"

To a faɗa mini, da wane baki zan gaya wa mutumin da ya kwashe shekara arba'in a duƙe yana yaƙi da ciyawa don in ci tuwo, cewa ni yanzu ruwan pampo nake ba ta? Na sunkuyar da kai na ce Nasara ne ya bar gidan haka, aikin buro ya yi mini yawa, amma ina nan ina neman ƙarfen da zan sa mata. Kawu ya girgiza kai, ya ce Allah shi kyauta, ya ɗage rigarsa ya ratsa filin yana ɗaga ƙafa kamar mai ratsa najasa.

A ranar na naɗe tiyo na tura ƙarƙashin gado. Daga nan ban ruwa ya koma aikin ɓoye. Sai Kawu ya fita bayan azahar zuwa inda mutanen Maraɗi ke zama a bakin kasuwa, sannan in sulalo daga buro in shayar a gaggauce, ina waige kamar mai satar kaza. Kullum ya dawo sai ya iske ta ƙara kore. Ya ce bai taɓa ganin ciyawa mai taurin kai irin ta Yamai ba, babu ruwan sama amma tana ƙiba.

Kanti ɗaya ne na sani a garin da ke sayar da injin, na wani tsohon Nasara mai gashin baki kamar tsintsiyar da ta ga duniya. Uku gare shi, duk na turawa da hannu, jere a lungu sun yi ƙura. Mai hankali zai shiga ya nuna ɗaya ya fita. Ni na shiga na tambayi bambancinsu, tsohon kuwa da ma ya shekara yana jiran wanda zai tambaya.

Na farkon marar nauyi ne, ƙafafu biyu a gefe, wuƙa huɗu murɗaɗɗu a tsakiya. Kana turawa suna juyawa suna haɗuwa da wata wuƙa shimfiɗaɗɗiya a ƙasa, suna datse ciyawa yadda almakashi ke yi. Ya ce wannan zai bar mini ciyawa tsawon yatsa, kuma ba ya fushi da tsakuwa. Na ce ni ba tsawon yatsa aka aiko ni nema ba. Na biyun wuƙa biyar ne, da kwandon gwangwani a gaba mai tare abin da aka yanke. Tsohon ya ce da shi ne ni, wannan zai ɗauka ya tafi gida. Na yi kamar ban ji ba, don idona ya riga ya faɗa kan na ukun.

Na ukun wuƙa bakwai gare shi. Ba shi da ƙafafu a gefe, wani mulmulallen ƙarfe ne a baya mai nauyin ɗan maraƙi, shi ke juya wuƙaƙen, shi ke danne ciyawa bayan an yanke har fili ya fito layi-layi, nan duhu nan haske. Akwai ƙusa mai murɗi a kowane gefe, in ka sauke ta sai ya aske ciyawa ta koma kamar kan da wanzami ya bari kwana uku. Hannunsa na itace ne mai santsi. Na kama shi na ji na zama wani abu.

Tsohon ya koya mini gwaji. Ana yaga tsohuwar jarida siriri, a sa tsakanin wuƙar sama da ta ƙasa, a juya da hannu a hankali. In ta yanke ƙat, inji lafiyayye ne. In ta tauna takardar, to haka zai tauna ciyawa, bakinta ya yi fari bayan kwana biyu. Wannan ilimi shi ya kashe ni. Kullum in an tashi daga buro ina kantin, ina yanka jarida. Na gwada kowace wuƙa a farkonta da tsakiyarta da ƙarshenta, inji uku, sannan in koma na farko don na manta yadda ya yi. Na yanka jawabin manya, na yanka labarin ƙwallo, na yanka sanarwar mutuwa. Ba na jin akwai wanda ya bi jaridun shekarar nan layi-layi kamar ni.

Har ƙetaren kogi na je. Wani ya ce mini akwai tsohon mai lambu a Kirkisoy da ya yi wa Nasara aiki, yana da inji a ajiye. Lokacin babu gada, na shiga kwalekwale da takalman buro a hannu. Na iske injin a bayan bukka, tsatsa ta cinye shi, kaza ta yi ƙwai a cikin kwandonsa. Mai shi, wani dattijo Bazabarme, ya saurari bayanina na wuƙa bakwai har na gama. Ya ce da Hausarsa ta kasuwa, mai bakwai ɗan gata ne, ba ya son yashi, ba ya son tsakuwa, kuma ba ya cin ciyawar da ta wuce idon sawu, shaƙewa yake yi. Ya tambaye ni tawa ina ta kai. Na nuna masa ƙwaurina. Ya ce in koma gida yau ɗin nan in sa mata lauje tukuna, in bar zancen inji. Na gode masa, a raina ina cewa me mai kaza a kwando ya sani.

Haka kwanaki suka tafi. Da safe in yanke shawara kan mai biyar, da rana in tuna layi-layin nan, da yamma in ji tausayin mai huɗu. Ba'adare ya ce ko zaɓen sarki ba a daɗe haka. Maiɗakina ta ce ranar da na je neman aurenta ban yi rabin wannan binciken ba. Ciyawa kuwa ba ta jiran kowa, ta fara fitar da kai.

Ran Juma'a, gobe Asabar ɗin direkta, ana sallame salla na zari takalma na nufi kanti ban tsaya gaisawa da kowa ba. Na ƙudura yau sai an yi ta. Duk da haka sai da na sake bin su ukun da jarida, don kada a ce na yi gaggawa. La'asar ta yi sannan na ɗora hannu kan mai bakwai. Tsohon ya ɗiga masa mai, ya goge shi, ya bi ni har bakin ƙofa yana kallona kamar wanda ya aurar da ƴar da ta daɗe a gida.

Na ƙi ɗaukar amalanke. Na tura shi da kaina a kan hanya don garin ya ji. Yana tafe yana ƙara, kacau-kacau, mutane na matsawa, masu keke na waiwaye. Hawan Plato da ƙarfe mai nauyin maraƙi ba wasa ba ne, rigata ta jiƙe sharkaf, amma ban bari fuskata ta nuna ba.

Na kusa gida sai na ji ganga. Kiɗan noma ne sak, irin wanda rabona da shi tun ina yaro. Na ce a raina lallai labari ya riga ni isowa, mutanen Maraɗi sun san darajar ɗansu. Na gyara hula, na ƙara wa tafiyata nauyi.

Na tura ƙofa. Abin da na fara gani jar ƙasa ce, shimfiɗe daga ƙofa har baranda, a share tas, an yayyafa mata ruwa, sawun tsintsiya ya fito kamar zane. Ko a gidan liman ban taɓa ganin tsakar gida mai kyan wannan ba. A gefe mutane ne zaune sun kai talatin, hauyoyinsu jingine da katanga, suna shan fura. Na gane masu goro, na gane ƴan dako, na gane telan da ya ɗinka rigar da ke jikina. Ashe duk zaman da Kawu ke yi a bakin kasuwa, kukan halin da nake ciki yake kai musu: yaron kirki, aiki ya danne shi, ciyawa ta cinye masa gida a garin mutane, kunya ta hana shi neman taimako. Ana idar da Juma'a ya kira gayya, kowa ya ari hauya, har da mai ganga.

Kuma aikin manoma suka yi. Kawu ya duba ciyawar ya ce danginsu ɗaya da kiri-kiri, in ka bar gaɓa ɗaya a ƙasa gobe ta dawo da ƴaƴanta. Don haka suka tona, suka bi saiwa ɗaya-ɗaya suka tsince, suka rairaye ƙasar da hannu. Abin da Mushe ya yi shekaru yana reno, jaki biyu suka kwashe shi zuwa wurin masu kiwon raguna, kafin in iso.

Kawu ya taso yana share gumi, fuskarsa kamar ranar salla. Ya dafa kafaɗata a gaban jama'a.

"Muddin ina numfashi, ɗana, ba a yi maka dariya a garin wasu."

Wanda aka yi wa gayya shi ke godiya, haka aka gada. Na jingine inji, na bi mutum talatin ɗaya bayan ɗaya, ina riƙe hannunsu da hannu biyu ina cewa sannunku da aiki, Allah ya bar zumunci, Allah ya saka da alheri. Na aika aka kawo goro na raba. Mai ganga ya matso ya kiɗa ni, ya kira ni gagarabadau mai gida fes, dole na yi murmushi na ɗaga hannu. Tun da aka haife ni ban taɓa gode wa mutane da yawa haka a kan sun raba ni da gida ba.

Da suka watse na iske maiɗakina a bayan gida na tambaye ta ina take aka yi wannan. Ta ce tana nan, ita ta dama furar. Na ce ba ta iya cewa a dakata ba?

"Ni in hana Kawu? Ni da ko sunansa ba na faɗa?"

Na leƙa fili, har ta kafa turminta a tsakiya. Tiyon da aka yayyafa ruwan da shi ma ita ta zaro shi daga ƙarƙashin gado.

Da hantsi ran Asabar motar direkta ta tsaya. Ya fito da tayensa, Ba'adare na biye da shi, wai hanya ce ta haɗa su. Kawu na zaune kan tabarma a tsakiyar filin yana jan carbi. Direkta ya tsaya daidai inda Kawu ya tsaya ranar da ya zo, shi ma ƙasa yake kallo. Na buɗe baki, Kawu ya riga ni. Ya ba shi labarin duka, da yadda Nasara ya bar gidan kamar kango, da yadda mutanen Maraɗi suka fitar da gwamnati kunya cikin rabin yini. Ya ƙara da cewa in akwai sauran gidajen gwamnati masu irin wannan larura, a faɗa masa kafin ya tafi hajji.

Direkta ɗan mutane ne, ba zai ɗaga murya gaban dattijo ba. Ya tsuguna da tayensa ya gaida Kawu, ya ce aiki ya yi kyau, Baba, rabonsa da ganin shara irin wannan tun gidan kakarsa. Na ga alamar har zuciyarsa ya faɗa. Sannan ya miƙe ya zagaya injin, wanda ke tsaye a gefen baranda yana ƙyalli. Ya tambaye ni wuƙa nawa. Na ce bakwai. Ya jinjina kai ya ce na iya zaɓe. Daga nan ya buɗe tafin hannunsa a gabana, na sa makulli a ciki. Ba'adare ya ja ni gefe ya yi mini ta'aziyya, ya ce marigayiyar ta sha jinya, Allah ya sa ta huta.

Kafin shekara ta zagayo Ba'adaren ya shuka kuɓewa a filin, ya ɗaure awaki biyu a baranda. Lokacin an riga an mai da direkta wani gari, ƙasa kuma ba ta ji kunyar komai ba.

Mu unguwar Yantala muka koma, ɗaki biyu kusa da lambunan bakin kogi. Ranar tashi aka loda kaya a amalanke, mai jakin ya ɗaga injin ya ajiye, ya ce jakinsa bai yi masa laifin komai ba. Haka na biyo bayansu ina turawa, kacau-kacau, Kawu na gefena da sandarsa. A hanyar ne na ga babu sauran abin da zan rasa, na gaya masa gaskiya. Na ce ciyawar nan shuka ta aka yi da gangan, ni ke ba ta ruwa in ya fita, kuma injin nan ba na kashe ta ba ne, na aske ta ne don ta sake tsirowa a sake askewa, haka har abada, kuma a kan haka aka ba ni gidan.

Muna wuce wata tsamiya Kawu ya juyo gare ni. Ya sa na maimaita masa wurin ban ruwan, na maimaita. Ya tsaya, ya ƙwanƙwasa mulmulallen ƙarfen da sandarsa, ya dube ni da tausayi.

"To ai ba ka yi asara ba, ɗana. Ƙarfen sabo ne. Adana shi da kyau, garin nan da girma, ba za ka rasa wani mahaukacin da zai saya ba."